Me Ya Sa Hitar Motata Haibrid Ke Hura Iska Mai Sanyi a Lokacin Hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Karatu ya kawo ni Winnipeg a Kanada, na sayi Toyota Prius ta hannu. Tunda sanyi ya shigo, da na tsaya a danja injin ya mutu sai hita ta koma hura iska mai sanyi, kuma motar ta ƙara shan mai. Lalacewa ta yi ko haka take?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, galibi halin motar ne.

Ɗumin da hita ke ba ka daga injin yake fitowa. Fetur na ƙonewa, ruwan lagireto na ɗaukar zafin, sai ya bi ta wani ɗan ƙaramin lagireto da ke bayan dashbod, fanka ta hura maka. Motar fetur zalla injinta ba ya hutawa, don haka zafi a wadace yake. Ita kuwa Prius haibrid ce, wato tana tafiya da injin fetur da kuma wutar babban batir, an ƙera ta ne don tsimin mai, tana kashe injin duk inda ta samu dama. A garin da sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri, injin na tsayawa ruwan zai fara hucewa, ga hita kuma tana zuƙe ɗan zafin da ya rage. Idan ya huce da yawa sai kwamfutar motar ta sake tayar da injin don kawai a samu ɗumi. Nan man naka yake tafiya.

Kamfanin ya san da matsalar. Prius ta 2004 zuwa 2009 da aka sayar a Arewacin Amurka tana da wata tanka kamar fulas, mai ɗaukar kusan lita 3 na ruwan zafi, wanda ake turawa cikin injin idan an tashe shi. Daga ta 2010 kuma zafin salansa ake tatsa a ɗumama ruwan. Duk suna taimakawa, amma ba su isa sanyin Manitoba, lardin da Winnipeg take, ba.

Abin da na fi ba ka shawara a kai shi ne hitar injin, wadda ake jonawa da wutar gida. Leƙa gaban motar, mai yiwuwa ma tana da ita, za ka ga igiyar wuta da fulogi a kusa da ragar gaba. Shi ya sa ka ga soket a wuraren ajiye motoci da yawa a garin. Wat ɗari huɗu ko kusa da haka take ci. Jona ta awa biyu zuwa huɗu kafin ka fita ya wadatar, barinta dare guda ɓarnar wuta ce, sai ka sayi ɗan agogon da ke kunna ta da kansa. Injin da ya tashi da ɗumi yakan ba da zafi da wuri, baƙin mai ma ya zagaya cikin sauƙi.

Wasu na toshe ragar gaba da soso don iska ta daina huce lagireto. Yana aiki, amma a yi hattara. Na'urar da ke sarrafa wutar batir ita ma ta wannan raga take shan iska, kuma Prius ba ta da allurar nuna zafin injin. In za ka yi, kada ka toshe duka, ka sayi ɗan abin da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari yana nuna zafin ruwa a waya, kuma ka cire soson da zarar gari ya sassauta.

A cikin mota, in kujerarka na da hita ka fara da ita, ba ta dogara da injin ba. Rage fanka a mintunan farko, ka kama hanya a hankali maimakon barin motar tana gurnani a tsaye. Maɓallin ECO na tsimin mai, in motarka na da shi, yana rage ƙarfin hita, kashe shi ranar da sanyi ya yi tsanani. Akwai kuma wata ƴar raga a gefen kujerar baya da babban batir ke shan iska ta cikinta, kada bargo ko jaka su rufe ta.

Al'adar wasu makanikanmu na gida ta cire tamostat (ɗan bawul ɗin da ke daidaita zafin ruwan inji) da ɗura ruwan famfo a lagireto, ka bar ta can. Ruwa zalla zai daskare ya fasa injin. Idan ko a kan doguwar hanya hitar ba ta yin zafi, to wannan kam matsala ce: a duba ko ruwan ya ragu, ko tamostat ya maƙale a buɗe.

Kuma kada ka taɓa barin motar a kunne cikin rufaffen gareji. Shirunta na ruɗar mutane, alhali muddin alamar READY na haske a dashbod injin zai iya tashi da kansa, hayaƙinsa kuwa yana ɗauke da iskar da ba ta da wari amma tana kisa.