Tambayoyinku: Filogin ɗin mastarin a kan Linux da tsofaffin kwamfutoci

Tambaya: Malam, na bar Windows na koma Linux, sai ga shi kamfanin da ya yi filogin ɗin (ƙananan manhajojin gyaran sauti) da nake yi wa waƙoƙi mastarin (gogewar ƙarshe ga sautin waƙa) da su ya ce Windows da macOS kaɗai ya sani. Akwai mafita?

Amsa: Akwai. Yawancin filogin na Windows masu tsarin VST2, VST3 ko CLAP suna aiki a Linux ta hanyar Wine, wadda ke fassara wa Linux umarnin manhajojin Windows, sannan yabridge ta zama gada tsakaninsu da manhajar haɗa sauti irin su Reaper, Bitwig ko Ardour, waɗanda dukkansu suna da sigar Linux. Ka girka filogin ɗin a cikin Wine, ka nuna wa yabridge inda suke, shi ke nan. Inda gizo ke saƙar shi ne lasisi, domin filogin da ke dogara da iLok, wato tsarin tantance lasisin manhaja, sun fi kowanne taurin kai a Wine, kuma idan sun ƙi, kamfanin ba zai saurare ka ba, tunda tun farko ya faɗa maka iyakarsa.

Abin da ke ɓata mini rai shi ne masu rubuto mini cewa jiya komai lafiya, yau kuma filogin ya ƙi buɗewa, alhali da hannunsu suka sabunta Wine ana tsakiyar aikin mutane. Haba jama'a! Wanda ya ɗora filogin a inda ba a yi shi domin wurin ba, ai shi ya ɗauki nauyin kula da shi. Mastarin shi ne mataki na ƙarshe, babu wani bayanka da zai kama kuskure. Idan limita, wato filogin da ke hana sauti wuce iyaka, ta saki ƙaramar ƙara a minti na uku, haka za ta isa kunnen mai sauraro. Saboda haka, da zarar ka sami sigar Wine da ke aiki, ka tsayar da ita, ka rubuta lambarta, kada ka taɓa sai ka miƙa aiki. Kowace waƙa ka kammala, ka fitar da ita a WAV mai bit 24, ka saurare ta daga farko har ƙarshe. Ni kam ba na yarda da filogin sai na fitar da waƙa ɗaya a Windows da Linux da saiti iri ɗaya, na jera su, na juya fuskar igiyar sautin ɗaya. Idan suka kashe juna aka ji tsit, lissafin bai canza ba. Filogin masu kwaikwayon tsofaffin na'urori dai sukan bar ɗan saura, don da gangan suke sa ƴar hayaniya. Ka kuma gwada LSP Plugins, kyauta ne kuma don Linux aka yi su.

Tambaya: Tsohon filogin ɗina mai bit 32 ya daina aiki a Mac ɗina.

Amsa: Tun macOS Catalina ta 2019 Apple ya daina karɓar manhajojin bit 32. Ka nemi sigar bit 64 daga kamfanin.

Tambaya: Zan iya sa filogin na AU a Windows?

Amsa: A'a, AU (Audio Units) tsarin filogin na Apple ne. Ka sauke na VST3.

Tambaya: Windows 7 nake amfani da ita, sababbin filogin sun ƙi girkuwa.

Amsa: Microsoft ya janye tallafinsa gare ta tun 14 ga Janairu, 2020. Ko dai ka tsaya kan tsofaffin sigogin ka raba kwamfutar da intanet, ko ka sauya babbar manhajar, wato Windows 7 ɗin.