Kai mai tambayar me ya zaunar da mu Yamai

Salamu alaikum ɗana, saƙonka ya iso, ka gaida babanka da mutan gida. Ba kai kaɗai ke wannan tambayar ba. Tunda sefa ta hau kan naira wasu suka ɗauka mu nan kuɗi muke shara, wasu kuma har yanzu in an ce Nijar masu gadi da 'yan ga-ruwa kawai suke gani. Toh ni tun zamanin Bare Mainasara nake garin nan, nan na yi aure nan aka haifi 'yan uwanka, bari in gaya maka abinda na sani.

Kai Bakatsine ne, don haka fara da Maraɗi. Sarkin Maraɗi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, saboda bayan jihadi ya ci Katsina wajen 1807 gidan sarautar Haɓe arewa suka yi suka kafa garin, Gobirawa kuma suka zauna Tsibiri kusa da su. Kaga kenan lokacin da Ingila da Faransa suka ja layinsu tsakanin 1898 da 1906 gida ɗaya suka raba, wani gonarsa can gidansa nan. Sai dai riƙon ya bambanta sosai. Bature na Ingila ya bar sarakuna da alƙalansu da baitulmalinsu, shi kuwa na Faransa sarki ya mayar mai karɓar haraji da tara masa mutane aikin dole, kuma ba a soke aikin dolen nan ba sai 1946, shi ya sa ƙauyuka da yawa suka riƙa kwashe kaya cikin dare suna tsallakawa wajenku. Babban birni ma da Damagaram yake, a 1926 aka dawo da shi nan bakin kogi ƙasar Zabarmawa, shine dalilin da zaka ga Hausawa sun fi rabin ƙasa amma gidan gwamnati na yamma. An samu 'yanci 3 ga Agusta 1960, Diori Hamani ya riƙe har fari da yunwa suka zo soja suka kifar da shi a 1974, Kunce ya hau, kuma tsofaffi har yau in ana zancen tsoron hukuma sunan Kunce suke kira.

Wannan tsoron hukumar shine abu na farko da zai baka mamaki. Nan takarda ita ce mutum. Jandarma ya tsaida mota ya ce kowa ya kawo katinsa, babu ka san ko ni waye, babu ɗaga murya, wanda bashi da kati ya sauko ya yi bayani. Yara kuma lakwal, wato makarantar boko, suke zuwa da Faransanci, malaminsu mushe ake ce masa, wato monsieur na Faransanci, a gida su yi mani Hausa a titi su yi Zabarmanci, babbar yarinyar har dariyar Zabarmancina take. A kasuwa dai Hausa ke ci, Katako ko Wadata ko babbar kasuwa duk inda ka shiga zaka yi cinikinka, kuma a 2025 gwamnatin soja ta sa Hausa ta zama harshen ƙasa, amma je ofis ka ga da wane yare ake rubuta maka rasit.

Yanzu zancen kuɗi, wanda na san shine ainihin abinda ke ranka. Lissafinmu da dala ake yi, dala ɗaya sefa 5, jikka ɗaya sefa 1000, in mai tumatir ta ce dala ashirin sefa 100 take nufi kar ka miƙa mata 20. Zamanin Jonathan jikka bata kai naira 400 ba, a 2024 ta haura naira 2000, toh sai ku ce mun yi arziki. Sefa ɗaure take da yuro shi ya sa bata narkewa a aljihu kamar naira, abinda ka ajiye bara kusan shi zaka tarar bana, wannan gaskiya ne kuma ina jin daɗinsa. Amma samunta fa? Mafi ƙarancin albashi jikka 42 ne, shima ga wanda ya samu aikin albashin, kuma su ƙalilan ne. Yawancin mutane damina ɗaya suke jira ta wata uku zuwa huɗu, in gero bai yi ba sai cirani, je ƙauyukan Tawa da rani mata da tsofaffi zaka tarar, samari suna Abijan ko Legas ko Libiya. Ana haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971, akwai matatar mai a Damagaram tun 2011, duk da haka mafi yawan ƙauyuka fitilar hannu ce. Kuma sefar ma ba a manta 1994 ba, da aka wayi gari an zabge rabin darajarta.

Abinda ke bani haushi shine masu zama a Facebook suna gardamar wa ya fi wani. Wallahi igiya ɗaya ta ɗaure mu. Da aka yi juyin mulki 26 ga Yuli 2023 aka rufe iyaka aka yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, wadda a lokacin ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu, mun sha duhu da tsadar shinkafa da magani, amma tambayi 'yan kasuwar Jibiya da Illela da Maigatari su ma me suka gani kafin a buɗe a 2024. Da Tinubu ya cire tallafin mai kuwa, 'yan ruwa-ruwa masu saida fetur a kwalba bakin titin Maraɗi da Konni sune suka fara shiga uku. Ragon layyarku da wakenku da albasar Galmi daga nan suke, robobinmu da atamfa da takalma daga Kano.

Tunda na ambaci layya, wannan kam sai ka gani da idonka. Nan ba a yanka a soya ranar. Ana feɗe ragon a buɗe shi gaba ɗaya a soke shi da sanduna biyu a gicciye, maƙwabta su haɗa nasu a jera su kewaye da wuta babba a ƙofar gida, itace kamar na gasa gari, tun hantsi har dare ana juyawa ana shafa mai da gishiri, kitse na ɗiga cikin kwanon da aka tara a ƙasa, hayaƙi ya rufe unguwa gaba ɗaya har ido na yaji. Ranar kayan ciki kawai ake ci, sai washegari a sassare a zuba a faranti yara su yi ta kai wa gida gida. Matan kuma suna da foyandi, adashe ne da wuni da ci da sha, mu maza fada muke zama ana dafa shayi zagaye uku, in lokacin kokowar takobi ya zo, wato gasar kokowar ƙasa da ake ba zakara takobi, kowa kunnensa na rediyo.

Tsaro ba zan ɓoye maka ba, wajen Tillaberi da iyakar Mali da Burkina abin ba daɗi, cikin gari dai muna kwana lafiya. In da gaske kake zaka zo, ka biyo ta Jibiya zuwa Ɗan Isa ka kwana Maraɗi, manyan bas na tashi da asuba su bi Konni da Dogon Dutse da Doso, yamma liƙis kana Yamai. Ka zo da fasfo da katin allura, kar ka dogara da katin ECOWAS kaɗai tunda Nijar ta fita a Janairun 2025, ka canza kuɗinka tun a iyaka, kuma don Allah kar ka zo watan Afrilu ko Mayu, zafin garin nan ba irin na Katsina bane. Ka ce ma innarka ta saka mani daddawa da kuka a kayanka.