Kifin mandarin a shagon Agege: tanadi abincinsa kafin ka tura dala

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon kifin ado a Agege, shekara huɗu ke nan ina sayar da na ruwan daɗi. Wani kwastoma daga Lekki ya turo mini hoton kifin mandarin ta WhatsApp, ya ce in samo masa guda biyu. Da na ga kyansa sai na ce bari in yi odar goma, in killace su a tankin da babu komai a ciki kamar yadda nake yi wa sababbin kifaye, in ba shi nasa in sayar da ragowar. Kwalliya za ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ban ga laifinka ba da idonka ya rufe. Kifi ne ɗan ƙarami, bai cika wuce santimita bakwai ba, amma shuɗi da ruwan lemo da kore sun yi masa zane kamar an yi masa aikin hannu a wuyan babbar riga. Sai dai odar goma a tsarin da ka faɗa, uwar kuɗinka za ta tafi.

Asalinsa daga yammacin Tekun Fasifik ne, yankunan Filifin da Indunisiya har zuwa Ostareliya, kuma matsalarsa cikinsa ce. Ba ya rububin abinci idan an watsa kamar kifayen da ka saba da su. Ka zauna gaban tanki minti biyar ka kalle shi: yana bin jikin dutse a hankali, ya tsaya, ya juya ido, ya yi ɗan sara kamar kaza tana tsintar gero, ya matsa gaba. Haka zai yini. Abin da yake tsinta wasu ƙananan halittun ruwa ne masu rai da ake kira kofefod, da ƙyar ido ke ganinsu. Wanda aka kamo daga teku sau da yawa ba ya kallon abincin kifi na kanti. Shi ya sa masu kiwo suke jira tanki ya yi wata shida zuwa sama, cike da duwatsun murjani masu rai inda kofefod suke hayayyafa, kafin su saka ko guda ɗaya. Tankinka da babu komai, ɗakin yunwa ne a wurinsa. Ba zai mutu a ranar ba, ramewa zai yi a hankali, cikin ya lotsa, wani layi ya fito a gefensa, kai kana ganin launi kana zaton lafiya.

Wannan ba ya nufin ka fasa killacewa. Kifin ba shi da ɓawo a jiki, yauƙi ne mai kauri da ɗaci ya lulluɓe shi, yana kuma kare shi sosai daga cutar fararen ɗigo-ɗigo. Amma yana iya ɗauko cutar ya kai wa wasu, kuma idan kifinka ya kashe wa mutumin Lekki tankin da ya zuba miliyoyi, ka rasa shi ka rasa abokansa. Ka ware ƙaramin tanki na ruwan gishiri, ka sa masa 'yan duwatsu da wurin ɓuya, ka riƙa zuba kofefod kullum, ka sa ido kamar wata guda. Kada ka yi gaggawar zuba maganin da ke da sinadarin jan ƙarfe, wanda aka saba yi wa kifin teku. Yana wahalar da mandarin, yana kuma kashe abincin da kake zuba masa.

Goman ma a ina za ka ajiye su? Namijin yana da doguwar ƙaya a farkon fiffiken bayansa, kuma maza biyu a tanki ɗaya faɗa ne har ɗaya ya kwanta. Biyun da kwastoma ya nema ma sai mace da namiji.

Sai lissafin Legas. Ruwan yana son zama tsakanin digiri 24 zuwa 26, kai kuwa ka san yadda shago yake a watan Maris, don haka sai na'urar sanyaya ruwa. Famfon tanki ba ya hutu, wutar NEPA kuma ba abin dogaro ba ce, sai inbata ko sola. Ruwan rijiyar burtsatse sai an tace, gishirin kuma na musamman ne da ake shigo da shi. Da dala za ka saya, ka biya jirgi zuwa filin Murtala Muhammed, ka nemi takardar izini daga NAQS, hukumar killace dabbobi da tsirrai ta ƙasa, tun kafin kaya su taso. Duk wanda ya mutu a hanya ko a hannunka, kuɗinsa kan masu rai zai hau.

Da ni ne, ga yadda zan yi. In je gidan mutumin in ga tankinsa da idona, don ba a cinikin biri a sama. Idan sabo ne, in ce masa ya jira. Idan ya nuna, in karɓi kafin alƙalami mai kauri, in yi odar biyun nan kawai, kuma in nemi waɗanda aka ƙyanƙyashe a gona. Kamfanoni irin su ORA da Biota suna yin haka. Sun fi tsada, amma an saba musu da abincin da ake ajiyewa a firji. Ka kuma ce mai sayarwa ya turo maka bidiyon kifin yana ci.

Ragowar kuɗin da ka so zubawa a kifi takwas, ka sayi bokitai da famfon iska ka fara kiwon kofefod ɗin a bayan shago. Kifin sau ɗaya za ka sayar wa mutumin Lekki, kwalbar abincin kuwa zai riƙa aiko direbansa ya karɓa, kuma daga nan ne za ka yi masa tayin kula da tankin duk wata.