Amsa: Shin ya dace jama'a su riƙa biyan kuɗin zirga-zirgar ciyaman?

Malam, tambayarka ita ce ko daidai ne ƙaramar hukuma ta riƙa zuba wa ciyaman mai daga gidansa zuwa ofis, alhali ga motocin haya.

Fara raba abu biyu. Akwai alawus na mota da doka ta tanada, wanda hukumar rabon kuɗaɗen shiga ta ƙasa, wato RMAFC, ke tsarawa masu muƙaman siyasa. Akwai kuma abin da ake ɗorawa a kai: man motocin rakiya, gyara, direbobi. A nan kuɗin ke zurarewa, musamman tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ciyaman na Fagge ko Dala, da ke cikin birnin Kano, tafiyarsa gajera ce. Wanda ke kwana a birni yana mulkin Doguwa da ke can nesa, wannan ba ma maganar mai ba ce, me ya hana shi zama cikin mutanensa?

Batun motar haya kuwa, a ganina ba za ta yiwu kullum ba. Tun hana acaɓa a 2013, a daidaita sahu ne ke ɗauke da garin, ba bas mai tsayayyen lokaci, ga kuma sha'anin tsaro. Amma mota ɗaya ta wadatar.

Kada ka watsa adadi a Facebook ba takarda a hannu, ƙarar ɓata suna za ka jawo. Nemi kasafin kuɗin ta hannun kansilanku. In an hana, tuntuɓi lauya kan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ko ka kai ƙorafi hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa ta jiha.