Ku Tambaya Mu Amsa: Wai meye amfanin lissafin 0 da 1 in ba a kwamfuta ba?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyar a sakandare, an koya mana lissafin bainari, wannan na sifili da ɗaya, na haddace shi dan jarabawa kawai amma har ga Allah ban ga amfaninsa ba tunda ni ba karatun kwamfuta zan yi ba. Dan Allah akwai inda yake aiki a rayuwa banda cikin na'ura? Daga wata ɗaliba a Gusau.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi albarka. Wallahi tambayar nan ta min daɗi, don yara da yawa haka suke haddace shi su zubar a takardar jarabawa shikenan. Ki fara cire kwamfuta daga ranki. Bainari ba komai ba ne illa abu mai hali biyu kacal, ko akwai ko babu, sai a jera irinsu da yawa su ba da ma'ana.

Kin taɓa ganin makaho yana karatu da yatsa? Toh rubutun nan na Braille bainari ne tsantsa. Kowane harafi gida ne mai gurbi shida, uku a hagu uku a dama, kuma kowane gurbi ko dai an tuɗo shi ya yi ƙwanƙwaro yadda yatsa zai ji, ko an bar shi a shafe. Tunda kowane gurbi hali biyu gare shi, ki yi 2×2×2×2×2×2 zaki samu tsari 64, in kin cire wanda babu ɗigo ko ɗaya saura 63, kinga sun ishi haruffa da alamomin rubutu. Harafin a ɗigo ɗaya ne a saman hagu, b kuma ɗigo biyu na sama da na tsakiya a hagun, c biyun sama a jere. Wanda ya ƙirƙiro shi, Louis Braille, ɗan Faransa ne da aka haifa a 1809, babansa baduku ne, yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da abin huda fata a shagon baban, ciwon ya kama ɗaya idon har ya makance gaba ɗaya. Ya kammala tsarin a 1824 yana da shekara 15, wato kusan sa'anki ne fa, kuma a lokacin ko wayar tarho babu balle kwamfuta. Kafin nasa akwai na Charles Barbier mai ɗigo 12, amma ya yi wa kan yatsa girma sai mutum ya yi ta lalube, shi kuma Braille ya rage zuwa shida yadda taɓawa ɗaya ta isa. Yau da wannan tsarin ake rubuta Larabci, har Alƙur'ani mai girma akwai shi da rubutun makafi, kuma a Najeriya makarantar makafi ta Gindiri a jihar Filato tun 1953 take. Abin da ke damuna shine har yanzu a garuruwanmu yaro in ya makance sai a miƙa masa ƙoƙon bara, alhali ɗigo shida sun isa su kai shi jami'a.

Sai kasuwa. Mai sikeli mai faranti biyu in yana da duwatsun awo guda biyar, na kilo 1, 2, 4, 8 da 16, zai auna kowane nauyi daga kilo 1 har 31 ba sai ya nemi wani dutse ba. Kilo 13 ake so? Ya ɗora na 8 da na 4 da na 1, ya bar na 16 da na 2 a ƙasa. Ki rubuta 1 ga wanda ya hau sikeli, 0 ga wanda bai hau ba, daga babba zuwa ƙarami, zaki ga 01101, wato dai 13 ɗin da kika haddace a aji.

Haka ma lissafin kuɗi da ka. A ce mudu 13 za ki saya kowanne naira 1,500, kiyi ta ninkawa kawai, biyu 3,000, huɗu 6,000, takwas 12,000, sai ki haɗa na takwas da na huɗu da na ɗaya, 19,500 kenan. Mutanen Masar na dā da wannan dabarar suke yin sau, tana nan a wata takardarsu ta lissafi da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yanzu tana gidan tarihi a Landan.

In kin koma gida ki samu kiret ɗin ƙwai ki yanko gurbi shida, biyu a kwance uku a tsaye, ki nemo duwatsu ƙanana, ki rufe ido ki sa ƙaninki ya jera miki a ko b ko c ki gane da hannu. Ki rubuto mana yadda kuka kwashe.