Me ya sa na hana ka goge asusun akawu

Ƙanena, ka ce akawun nan ya ajiye aiki a makarantar da muke kula wa da saba (babbar kwamfutar da ke riƙe fayilolin kowa) a Asawase ta Kumasi, to me ya sa ba za mu goge asusunsa mu huta ba? Zauna ka ji.

Linux, manhajar da ke tafiyar da sabar, ba ruwanta da suna, lamba ta sani. Buɗe /etc/passwd ka duba, kowane suna da lambar shaidarsa ta UID a gefe, kuma a Ubuntu, wani nau'in Linux, lambobin mutane daga 1000 suke farawa. Kowane fayil da lambar nan aka liƙa shi, kamar yadda bashin wuta yake bin mitar kamfanin wuta na ECG ko wane ne ya kama ɗakin. Ka buga userdel, umarnin goge asusu, suna ya tafi, amma fayilolinsa suna nan warwatse ɗauke da lambar. In shi ne na ƙarshe da aka buɗe wa asusu, sabon ma'aikacin da za ka yi wa rajista gobe yana iya gadar lambar. Sai ka wayi gari malamin aji uku yana buɗe takardun albashin kowa. A Windows kuwa akasin haka ne, Active Directory, rumbun asusun ma'aikata, ba ya maimaita SID, wato lambar shaidar asusu, ko ka sake buɗe asusu da sunan nan, tsohon izinin ya bi ruwa.

Shi ya sa muke fara kullewa. usermod -L zai sa alamar ! gaban kalmar sirrinsa a /etc/shadow, ta daina aiki. Nan ne yara da yawa suke wanke hannu su ce sun gama, alhali in yana da makullin SSH, wanda ake shiga saba da shi daga nesa ba sai da kalmar sirri ba, daga ɗakinsa a Aboabo zai shigo abinsa. Ƙara masa chage -E 0 wa'adin asusun ya ƙare, ka kwashe abin da ke cikin authorized_keys, fayil ɗin makullan SSH ɗinsa. Duba crontab ɗinsa kuma, wato jadawalin ayyukan da ke tashi da kansu, domin sau da yawa ajiyar kwafin bayanai ta dare da sunan mutum ɗaya take gudana ba wanda ya lura.

Gogewa tana nan zuwa, don dokar kare bayanai ta Ghana, mai lamba 843 ta 2012, ba ta yarda a riƙe bayanan mutum fiye da buƙata ba. Amma sai ka bi find / -user, umarnin nemo fayilolin mutum, ka tattara kayansa, hedimasta ya faɗi wanda za a miƙa wa, a rubuce. Kada ka karɓi umarnin baki a bakin ƙofa.