Tambayi Anti: Ina zaune gidan mutane a ƙasar waje amma na kasa sakewa

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya. Ni ɗaliba ce, na samu zuwa karatu ƙasar waje aka haɗa ni da wasu iyali nake zaune gidansu. Wallahi mutanen kirki ne, amma ni dai na kasa sakewa, daga makaranta sai ɗaki, in rufe ƙofa in kama waya da 'yan gidanmu har dare ya raba. Ko firij kunyar buɗewa nake. Jiya matar gidan ta tambaye ni wai ko sun min laifi ne, na ce a'a, tun lokacin gabana ke faɗuwa. In nemi a canza min gida ne ko ya zan yi?

AMSA: Wa'alaikis salam ƙanwata. Kar ki canza gida tukun, don in kika koma wani da wannan rufe ƙofar, nan ma tambayar da za su miki ke nan.

Abin da ke damunki ba sabo ba ne. Tun 1960 wani masani Kalervo Oberg ya yi rubutu a kai, cewa wanda ya je baƙuwar ƙasa da ɗoki yake farawa, komai na burge shi, sai ɗokin ya wuce kewa da takura su biyo baya kafin a zo a saba. Ke yanzu kina tsakiya ne.

Amma ga inda nake ganin matsalar take: kin ɗauki kanki baƙuwa, su kuma 'yar gida suka ɗauke ki. Baƙo raɓa ne, ke kuwa watanni za ki yi. Ke a ganinki kawaici kike kar ki takura musu, su kuma abin da suke gani yarinya ce da ta shigo ta wuce su a falo ta rufe ƙofa, to me za su ɗauka in ba fushi ba? Matar nan da ta tambaye ki ta kyauta miki fa, wata shiru za ta yi ta kai ƙorafi wajen kodineta, wato jami'in da ke sa ido kan zamanki a gidan. Ki same ta a kicin lokacin da take aiki, ki ɗauki wani abu kina taya ta, ki ce mata ba laifin kowa, kewar gida ce da kunya. Magana ta fi sauƙin fita in hannu na aiki ba ana kallon juna ido cikin ido ba.

Daga nan ki yi ta tambaya, matambayi ba ya ɓata. Yawancin saɓanin irin wannan zama ba kan manyan abubuwa yake ba, kan ƙanana ne da masu gida suka saba da su har sun manta doka ce: minti nawa ake yi a shawa kafin ruwan zafi ya ƙare wa na baya, wace rana ake kunna injin wanki, wa ke fitar da shara, a taɓa hita ko a bari, me za ki iya ɗauka a firij ba sai kin tambaya ba, ƙarfe nawa ake so ki dawo, kuma in za ki makara ki tura saƙo kafin a zauna cin abinci ana jiranki. In akwai abin da ba kya ci ko lokacin ibada da kike buƙata, ki faɗa ƙarara sau ɗaya, ya fi ki dinga juya cokali a faranti suna zaton girkinsu ne bai miki ba.

Ki kuma san irin zaman da kike. Akwai wanda ake biya, kamar yadda makarantun koyon harshe a Ingila da Kanada suke haɗawa, nan akwai yarjejeniya a rubuce, ki karanta ki ga me ke ciki. Akwai kuma na sa kai, misali shirin musayar ɗalibai na YES da majalisar Amurka ta kafa a 2002, iyalan ba a biyansu. In irin wannan ne, to zama da ke ɗin shi ne ribarsu, ki fito falo da littafinki ko da ba za ki ce uffan ba.

Waya kuma, ki rage. Ba cewa na yi ki yanke 'yan gida ba, ki ware lokaci ku yi bidiyo kol ki ajiye, musamman in akwai bambancin awanni, don hirar ƙarfe biyun dare tana ratsa bango kuma gobe ke za ki yi gyangyaɗi a aji.

Yaushe ake canza gida? In ana hana ki abinci, ko ana shigo miki ɗaki ba sallama, ko an mayar da ke 'yar aiki, ko an riƙe miki fasfo, ko wani na miki magana ko taɓi da bai dace ba. Wannan babu kawaici a ciki, ranar ki kira kodineta ko ofishin ɗaliban waje na makarantarku. A Amurka ma dokar musayar 'yan sakandare ta wajabta wa kodineta ya tuntuɓi ɗalibi duk wata, kuma dole a ba ki gadonki ke kaɗai da abinci sau uku a rana. Ki ajiye lambar kodineta a waya, ki kuma rubuta a takarda ki sa a jaka saboda ranar da caji zai ƙare.